Hannun Usta Wagdi

A ɗakin da mu marasa lafiya muke zaman tattaunawa ran Talata, a wani asibiti a garin Damanhur, na san Usta Wagdi mai aski; Usta laƙabin gwanin sana'a ne a can. Ciwonmu ɗaya: wani lokaci zuciya ta tashi sama, wani lokaci ta faɗi warwas, ga kuma ƙwaya da kowannenmu ya jingina da ita.

Shi idan abin ya motsa, sai ya fente shago, ya yi wa duk unguwa aski kyauta, ya ce zai buɗe reshe a Alƙahira. Bayan nan sai ya kwanta makonni, ko fuska ba ya wankewa. Ƙwayar taramol ya fara sha don ya iya miƙewa. Matarsa Nagwa ta gaji, ta kwashe yara ta koma gidansu. Yayarsa ce ta kawo shi wurinmu.

Da farko shayinsa kawai yake kurɓa. Sha'aban, wani tsohon direba, ya riƙa tsokanarsa: “Usta, mai aski kuma bebe? Yau na ga abin mamaki!”

“Kai dai bari,” in ji Wagdi. “Kanka ma ba abin askewa, balle abin faɗi.”

Ya samu sauƙi, amma maganin asibiti ya sa hannunsa rawa. Gab da sallah ya yanki wani dattijo a haɓa. Ya ajiye maganin, ya koma taramol, muka daina ganinsa.

Da ya dawo ya rame, shagon ma ya kuɓuce masa. Ya miƙa wa likitarmu Samiha hannuwansa. “Likita, in na sha naku, hannu ya tafi. In na bari, kai ya tafi. Wanne zan ba ’ya’yana?”

Ba ta yi masa alkawari ba. Ta ce za a gwada rage maganin, ta juyo gare mu. Sha'aban ya ce shi ma tuƙin ya bari, kuma bai mutu ba, gajiya ce kawai. Ba wanda ya yi dariya.

Rawar ta ragu, ba ta tafi ba. Yanzu Wagdi yana aiki a shagon wani, da injin aski kaɗai, aska kuwa ya haƙura da ita. Nagwa ba ta dawo ba, amma tana barin yara su zo ran Juma'a. Yana zuwa zamanmu, wani makon ya yi magana, wani makon ya yi gyangyaɗi a kujera, mu ƙyale shi.