Ba kyanwata ce ta kashe ɗana ba

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi min gaisuwa, na gode. Masu yawo da maganar wai kyanwa ce ta ci ɗana, yau ku buɗe kunne.

Da na samu ciki, na kai Lami asibitin dabbobi. Kyanwar da muke ajiyewa ce saboda ɓerayen unguwarmu, Morrisania. Likitan ya kalli cikina ya ce, "Akwai cuta a kashin kyanwa, kada ki ƙara kwashewa." Ban ƙara ba. Maigidana ya karɓi aikin.

Iyakar abin da likitan ya faɗa ke nan. Ko kalma ɗaya bai ce a kan nama ba.

Sallar layya ta zo, aka kawo ragonmu daga gona. Kun san hantar farko da ake gasawa sama-sama. Gwaggon maigidana ta miƙo min da hannunta. "Ci, 'yata, tana ƙara jini." Na ci, cikin hantar jajir.

Bayan ɗan lokaci kaluluwa ta fito min a wuya, ga kasala, ga zazzaɓi. Na ɗauka laulayi ne. Sai idona na hagu ya fara gani dishi-dishi.

Na je asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon allon. Ta ce toksoplasmosis ce, cutar nan ta kashin kyanwa da ake ɗauka har a nama, kuma ta riga ta kai ga yaron. "Kin ci naman da bai dahu ba?"

Na sha magani har harshena ya yi ɗaci. Inshora ta biya wani, mu muka biya saura. Ni na tashi. Shi na haife shi babu kuka.

Aka gwada Lami, ba ta da cutar.

Na koma wurin likitan dabbobin. Ya ba ni haƙuri, wai kyanwa na kawo masa, maganar abinci ta likitana ce. Na ce, "Rago ba dabba ba ne?" Ya sunkuyar da kai.

Ya san cutar. Ya ga cikina. Har yau ban yafe masa ba.

Alhamdulillahi, idona ya washe, saura ɗan tabo. Na gode wa maigidana, na gode wa Gwaggo da har yanzu ba ta iya kallona ba ta yi hawaye ba. Gwaggo, ba ki sani ba.

Masu ciki, ku dafa nama ya dahu har ciki. Kun yanka ɗanye, ku wanke hannu da wuƙa. Likitocin dabbobi, ku buɗe baki.

Lami tana nan. A gadon da muka saya wa ɗana take kwana, na kasa korar ta.