Jirgin da Ba a Hango Hayaƙinsa

Mu 'yan birnin Katsina ba mu tashi da jirgin ƙasa ba, domin layin dogo bai biyo ta garinmu ba. A bakin kakata Inna na fara jin labarinsa. A gefen Funtuwa aka haife ta, dab da layi, aure ne ya kawo ta Ƙofar Sauri. Idan ta sauke tuwo bayan magariba ba ta kashe murhu. Jikoki mu zagaye ta, ni ina can baya don kada tartsatsi ya taɓa mini riga.

"Matso mana, maigidana," in ji ta. "Da wannan tsoron za ka riƙe ni?"

Ta ce jirgin farko kwal yake ci, ruwa yake sha. Kan jirgin baƙi ƙirin, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na zuba kwal a wuta da shebur, in ya iso tasha sai an shayar da shi kamar raƙumi. Hayaƙinsa kuwa, tun yana nesa ake hangowa.

Akwai wani makiyayi, Buba, da kullum yake tsallake layi da shanunsa zuwa rafi. Layin ya yi kwana a wurin, ga itatuwa, ba a ganin abin da ke tafe. Sai ya hau wani suri ya dubi sama. In babu hayaƙi, ya kora. Shekara da shekaru ko ɗan maraƙi bai rasa ba. Ana nan aka kawo jirgi mai dizal, wanda hayaƙinsa ba ya tashi sama sosai, kuma ba wanda ya je ruga ya faɗa. Buba ya hau surinsa, ya ga sama tas, ya kora. Shi ya tsira. Shanu huɗu suka tafi.

Na ce, "Inna, laifinsa ne?"

Ta gyara itace. "Ya duba, ɗan nan. Ya duba sarai. Abin da ya sani shi ya duba."

Yau ga shi ana shimfiɗa layi ta bayan gari, inda na koma da iyalina, kuma ya ratsa tsakanin gidana da Islamiyyar 'yata Rabi. Tun ana zuba tsakuwa na hana kaina sakat. Na taɓa jin rugugin mai dizal sau ɗaya a Kano, don haka na koya mata: ki tsaya, ki kasa kunne, in ba rugugi ki wuce.

"Baba, jirgin ma fa bai zo ba," ta ce.

Ran nan na tambayi wani lebura a wurin aikin, wane iri za a kawo.

"Wallahi Malam, ni ma ban taɓa ganinsa ba. An dai ce gudu gare shi, kafin ka ji ƙararsa ya iso."

Ashe a kan surin Buba na ɗora yarinyar nan, na ba ta alamar jirgin da na sani.

Yanzu kullum ni nake kai ta a keke, mu zagaya ta inda ake gina gada. Hanyar ta ninka, Rabi tana ta mita, maƙwabta na yi mini dariya. Su yi. Jiya ta ce in ta girma ita kaɗai za ta riƙa tsallakewa, in faɗa mata abin da za ta duba. Na ce Allah ya kai mu. Na ci gaba da taka keke har muka isa.