Macijin Katako da Tsutsar da Ta So Cinye Mini Ƙafa

Jama'ar wannan dandali, kun daɗe kuna tsokanata a kan yadda nake tace ruwa ko a gidan biki. Na yi shiru har na tsufa. To, yau ku saurara.

Kafin a ba mu mulkin kai, ina saurayi a Fagge, aikina ɗaukar huhun goro daga tashar jirgin ƙasa zuwa kasuwar Sabon Gari. Ƙafata ce jarina, da ita nake ciyar da Inna.

Wata shekara ubangidana ya tafi da ni Kurmi sarin goro. A wani garin Yarbawa na ga gidan sarki, ginshiƙansa duk katako ne sassaƙaƙƙe: mace da goyo, mahayin doki, sai wani maciji da ya kama ƙafar mutum. Na tsaya na kasa gane kansa. Gargaɗi ne? Tarihi ne? Da na rasa mai yi mini bayani, sai na ɗalli kan macijin da yatsa, na yi dariya. Rawar kai ce kawai irin tawa.

A hanyar dawowa ƙishirwa ta sa na sha ruwan wani kududdufi har na ƙoshi.

Sai da shekara ta kusa zagayowa idon sawuna ya fara ƙuna kamar an ɗora garwashi. Bororo ya taso, ya fashe, wani farin abu kamar zare ya leƙo.

Wallahi na tsorata. Na ce shi ke nan, macijin nan ne ya biyo ni Kano. Na ɓoye a ɗaki ina shan rubutu, ƙafa tana kumbura tana wari, aiki ya tsaya.

Iya Sikira, maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da atamfa, ita ta matsa har na faɗa mata sirrina. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, kakana masassaƙi ne. Katako ba ya bin mutum a jirgi. Kurkunu ne, tashi mu je asibiti."

Likita ya duba, ya tambayi irin ruwan da na sha bara, ya ce a ruwan kududdufin nan na sha ƙwayar tsutsar. Ya ce idan tsutsar ta tsinke a ciki, ko ruɓar ta haura gwiwa, sai dai a yanke. Inna ta fita waje don kada in ga kukanta.

Kullum da safe sai malamin asibiti ya wanke ciwon, ya naɗe tsutsar a tsinke, ya ja kaɗan, ya ɗaure. Ga allura a ɗuwawu. Ni mai gaggawa, na roƙe shi ya fizge a huta. Ya ce in na taɓa, zai ɗaure mini hannu.

Ranar da wutsiyar tsutsar ta fito ba tare da ta tsinke ba, na yi kabbara har masu jinya suka leƙo. Da damina ta wuce, na ɗauki huhu daga tasha har Sabon Gari ban sauke ba, 'yan dako suna bi na da tafi.

Allah Ya jiƙan Inna da Iya Sikira, Ya saka wa malamin nan da bai biye mini ba.

Ku kuma, ku tafasa ruwan da ba ku yarda da shi ba, ku tace da ƙyalle mai tsabta. Ciwo in ya fito, ku kai shi asibiti tun yana ƙarami, ku daina ƙirƙiro masa labari a ɗaki.

Ƙafar da aka so yankewa, ita ta kai ni masallaci da safen nan, ba sanda. Alhamdulillahi.