Ƙarfen da ke Idon Baba

Tun kafin ƙafafunsa su gaza nake zargin Baba yana ɓoye mana ciwo. Maƙeri ne a Jakara, kamar ubansa da kakansa, kuma ban taɓa jin ya ce wash ba. Abin da na lura shi ne, daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau uku, ya sunkuya ya dafa gwiwa, wai takalmi yake gyarawa. Silifa ce fa a ƙafarsa. Me ake gyarawa a silifa?

Da tsayuwar salla ta gagare shi, ya koma yin ta a zaune, ni na ja shi asibiti, don ni ce babba kuma ni ce mai bakin. Likita ya saurara, ya ce alamu sun nuna ramin da jijiyoyi ke bi a cikin ƙashin baya ya tsuke, yana matse masu zuwa ƙafa. Shi ya sa in ya sunkuya yake samun sauƙi, ramin ne ke ɗan buɗewa. Amma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, sai an yi wanda ake kira MRI, a ga gurbin da girman matsewar, sannan a san ko magani da gashin ƙashi za su isa ko sai an yi aiki. In aka bari, wata rana ƙafafun za su ƙi ɗaukarsa gaba ɗaya.

A Adaidaita Baba ya kalle ni sheƙeƙe. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kin haɗa baki da mutumin nan ko? So kuke ku tsaga ni."

Ranar hoton, wata ma'aikaciya ta zaunar da mu da takarda a hannu. Ta ce injin mayen ƙarfe ne mai ƙarfin gaske, ko allura ya samu sai ya fizge ta. Baba ya cire zobe da agogo yana ƙunƙuni. Sai ta tambayi sana'arsa. Da ta ji ƙira, ta ajiye biro.

"Baba, ƙarfe ya taɓa shiga idonka?"

"Ni?" Ya yi dariyar da ban yarda da ita ba. "Yarinya, gadon ƙira gare ni. Ƙarfe ba ya cin mu."

Haka maƙeran unguwarmu suke faɗa, kuma sun yarda da abinsu. A wurinsu maƙerin da ƙarfe ya ji wa ciwo, ko dai ba ɗan gado ba ne, ko ya saɓa wa iyaye. Ta ɗauki biron, ta kusa rubuta a'a, sai wani abu ya faɗo mini a rai. Na tuna ina 'yar firamare, Baba ya yi mako guda a ɗaki da ƙyalle a idon hagu, Inna tana ce wa masu zuwa ciwon ido ne na zamani. Amma ni na gan shi ranar da ya shigo, hannu a fuska, jini tsakanin yatsunsa. Shekara talatin ban taɓa furta wannan ba.

Na tambayi ma'aikaciyar abin da zai faru in akwai ƙarfen a ciki. Ta ce injin zai iya motsa shi ya huda idon.

Wallahi na ji tsoron Baba fiye da injin. Amma na ce, "Ya taɓa shiga. Na hagu."

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya mayar da zobensa, ya fita yana dafa bango. Kwana tara bai amsa gaisuwata ba. Ya tuhumi Inna da sakin baki, ita kuma ta tuhume ni da rashin kunya. Ni ma sai na fara zargin kaina, ko dai mafarkin yarinta ne na tona wa tsoho asiri a banza? A rana ta goma ya faɗi a soro, ƙafafun sun mutu masa na ɗan lokaci. Shi da kansa ya aiko a kira ni.

Aka fara da hoton ido. Ga shi nan, ɗan ɗigo fari kamar ƙwayar gero, a cikin naman fatar ido ta sama. Likitan ido ya ciro shi, aka jira wurin ya warke, sannan Baba ya shiga injin. Da ya fito ya ce ƙararsa ta fi ta maƙera, kuma duk wanda ke bugun nan bai iya riƙe masaba ba.

A hoton na ga abin da idona. Wani farin layi ya sauko tiryan-tiryan, ya zo daidai ƙugu ya tsuke a wuri biyu kamar bakin buhu da aka ɗaure. Likita ya ce gashi ba zai buɗe wannan ba. Baba ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake wa ƙarfen da aka kawo masa yana shakkar ingancinsa. Sannan ya ce a yi aikin.

Bayan wata huɗu da yin aikin na tsaya a bakin soro ina leƙensa, don har lokacin ban gama yarda da shi ba. Ya tafi masallaci bai gyara takalmi ko sau ɗaya ba. Da ya dawo ya same ni a wurin, ya zaro wata 'yar takarda a naɗe daga aljihu, ya danƙa mini. Ɗigon ƙarfen ne, ashe karɓowa ya yi.

"Riƙe," ya ce, bai dube ni ba. "A maƙera na ce musu yanar ido aka cire mini. In kika ƙara buɗe baki, ke da Allah."

Har ya rasu a tsaye yake salla, kuma har ya rasu ban ƙara buɗe baki ba.