Jikar da Ta Ƙi Ɗuren Inna Dije

A ƙauyensu da ke bakin tur'a, babbar magudanar ruwan ban-ruwa, kusa da Wad Haddad, Inna Dije ta tsufa tana tsinkar auduga a hawashar wasu, wato gonakinsu, amma ba da wannan aka san ta ba. Ɗure ne aikinta. Yaro ya ƙi magani, sai a ce a kai shi wurin Dije. Ta matse shi tsakanin cinyoyi, ta toshe hanci, ta zuba, ƙwat! Ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Rabin samarin garin har yau in sun hango ta sai sun sake hanya.

Sai ga masassara ta kama jikarta Hiba, wadda take riƙo tun rasuwar uwarta. Dije ta ɗura, yarinya ta amayar. Ta sake ɗurawa, ta sake amayarwa, har wuyanta ya saki. Kai, Dije ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ta goye ta, sai ɗakin hakim Mujahid, ma'aikacin lafiyar garin.

Mujahid ya duba yarinyar, ya miƙo wa Dije wani ɗan farin abu kamar ƙwallon dabino.

"Inna, wannan ta dubura za ki sa mata. Daga nan ku wuce asibitin Sinnar."

"Ta ina? Ɗan nan, kunyata kake nema? Magani ta baki aka sha!"

"Inna, jini magani yake nema, ba ciki ba. Wani ta baki, wani ta allura, wani ƙarƙashin harshe. Tata hanyar bakin ta rufe."

"To mi zai kai shi jini daga can? Wurin da abu ka fita?"

Ya yi bayani, ta ji kamar ana yi mata rediyo da Turanci. Ta juya abin, ta shinshina. Wallahi har ta kai hannu za ta murƙushe shi a cokali, don ita abin da ta iya ke nan. Sai Hiba ta yi wani yunƙurin amai, babu ma abin da ya fito.

Dije ta ja mayafi ta kare yarinyar, ta yi bismilla, ta sa.

A Sinnar aka ɗaura wa Hiba ruwa ta jijiya, Dije ta ƙara rikicewa: yau kuma ta hannu ake sha? Ta zauna tana kallon robar, ta rasa wa za ta tambaya.

Washegari yarinyar ta buɗe ido, ta ce ruwa. Dije ta ɗauko kofi, yatsunta suka nufi hancin da kansu, sai ta janye su. Ta riƙe kofin kawai tana kuka, Hiba tana sha da kanta.