Ni Na Aike Shi Ɗauko Wuƙar

Karatuna bai wuce aji huɗu na elementare ba, kuma ko shi ɗin rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma na taɓa tsayawa a kotun Ingila na yi magana har aka rubuta, saboda haka mai karatu ya gyara zama.

Shekara talatin da 'yan kai ina zaune a unguwar Catford, a Ingila. A nan ba ka yanka ragon layyarka da hannunka, sai dai ka yi booking, wato ka sa a ajiye maka wajen mahauci, washegarin Sallah ka je ka ɗauko. Ni kuwa ban yarda a sa mini shi a injin nan mai farfasa ƙashi ya bar maka tsakuwa a miya ba. Gaba ɗayansa nake karɓowa, in shimfiɗa leda a kicin, in bi shi gaɓa-gaɓa. Wata shekara rago na kwance sai na tuna wuƙata tana gidan 'yata a Deptford. Na buga waya na ce ɗanta ya taho mini da ita. Jikan nan nawa shekararsa sha shida, dogo kamar falwaya, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake mayar maka.

Ya ce, "Kaka, a garin nan fa ba a yawo da wuƙa."

Na ce, "Yawo na ce ka yi? Aike ne. Naɗe ta a jarida ka jefa a jaka. Matsoraci kawai. Da wannan tsoron kake cewa za ka ƙwace mini mata?"

Ya yi dariya, ya bi umarni. A tashar bas 'yan sanda suka tare shi. Ba ranar suka fara ba. Tun da ya yi tsawo ya fara sa riga mai hula suke lalube shi, shi da abokansa masu irin fatarsa, ba su taɓa samun abin da ya wuce cingam ba. Ranar sun samu, kuma ni na ba su.

Na tarar da shi a ofishinsu an zare masa igiyar takalmi, ya sunkuyar da kai. Lauyar da aka ba shi, wata 'yar siririya mai magana kamar tana sauri ta kama jirgi, ta ja mu gefe. Ta ce hanya biyu ce. Ko ya amsa laifi, wataƙila a yi masa gargaɗi a sallame shi, amma abin ya zauna a takardarsa. Ko ya ƙi, a tafi kotu, inda komai zai iya faruwa. Yaron kuwa tun yana ƙarami burinsa aikin motar asibiti, kuma masu ɗaukar aikin ba sa son mai tabon wuƙa a takarda.

Uwarsa tana kuka ta ce, "Baba, a ba su haƙuri kawai a wuce wurin. Ba ƙasarmu ba ce."

Wallahi har na kai hannu zan cire hula. Haka muka saba, mu da muka zo da jirgi: a taka ka, ka ce a yi haƙuri. Shekaru na yi ina gadi a garin nan, kalmar ban haƙuri ta fi gaisuwa yawa a bakina. Amma na dubi yaron. A asibitin da ke bayan gidana aka yanke masa cibiya. Kano sau biyu ya taɓa zuwa, duka biyun da gudawa ya dawo. Wace ƙasar yake da ita ban da wannan? Na mayar da hannuna aljihu na ce, "Ba zai amsa laifin da ni na yi ba. A je kotun."

Ranar shari'a na sha babbar riga. Na zaci zan ga alƙali da hular gashin nan, sai na tarar da mutum uku a bayan tebur kamar kwamitin iyayen yara. Aka ce ga tafinta. Na ce ya huta, da Turancin gadi zan yi. Aka miƙo Alƙur'ani a naɗe, na ce sai na yi alwala, kotun Ingila ta zauna jirana har na dawo hannuwa a jiƙe.

Lauyan gwamnati ya miƙe. "Ka san haramun ne fita da wuƙa?"

Na ce, "Yanzu na sani. Shi ya riga ni sani, ya faɗa mini, na zage shi."

"Me ya sa bai ƙi ba?"

"Kai idan kakanka ya aike ka ƙi kake yi? To Allah ya shirye ka."

Ɗaya daga cikin ukun ta rufe baki da takarda. Na ci gaba ba a tambaye ni ba. Na ce maƙwabcina Bature kullum Asabar da jakar kamun kifi yake hawa bas ɗin nan, da wuƙa a ciki wadda ta fi tawa, gemunsa ya yi fari ba a taɓa buɗe jakarsa ba. Na ce in ɗauri ne ga ni, na ci abinci, na sha maganin hawan jini, a shirye nake. Lauyar tamu ta miƙa rasiɗin mahauci da hoton ragon a kan leda.

Suka shiga ciki suka daɗe. Da suka fito shugabar ta ce yaro yana da dalili, ba shi da laifi. Sannan ta juyo ta yi mini faɗa irin wanda rabona da shi tun malamin aji uku. Na karɓa, nawa ne.

A waje jikan nawa ya ce mini, "Kaka, gobe ma fa za su tare ni."

Na ce, "Su tare. Ka ɗaga kai ka kalle su, ka tambayi lambar kowannensu ka rubuta. Kada ka ba kowa haƙurin abin da ba ka yi ba."

Da lokacin cika takardar neman horon aikin ya zo, a kan teburina ya cika ta. Akwai layin da ke tambaya ko an taɓa kama ka da laifi. Na sa tabarau, na ce ya matso da ita in gani da idona. Ya rubuta a'a. Na ce ya ƙara danna biron, rubutun bai fito sosai ba.