Warin da Ke Jikin Rigar Malam

Shekara arba'in ke nan da rasuwar Malam, mijina, kuma sai bana na iya tuna shi da kwanciyar hankali. Ban yi boko ba. Jikata Rabi ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa ina share hawaye.

A Kusada aka kai ni gidansu ina yarinya. Shi kuma ya fara da ba da magani a wani ƙaramin asibiti a Kankia, daga baya aka ɗauke shi Zariya ɗakin gwajin magunguna, a shekarun da kuɗin fetur ya shigo ƙasa. Ranar Juma'a yake dawowa, ya sauka a Kankia, ya ƙaraso gida a keke.

Na taɓa tambayarsa me yake yi a can. Ina tuyar ƙuli-ƙuli ne, sai ya ɗebi man gyaɗata ya zuba a kwalba da ruwa, ya girgiza, ya ajiye suka rabu. Ya ce kowane magani da inda ya fi so, wani mai, wani ruwa. Mai son mai yakan ratsa nama ya daɗe a jiki, mai son ruwa yakan bi fitsari ya fita da wuri, kuma likita yana buƙatar sanin wannan. Su aikinsu su tura magani ta cikin siririn bututu da aka cika da wani gari mai maiƙo. Mai son ruwa ya wuce abinsa, mai son mai ya yi ta tsaye-tsaye kamar ni idan aka aike ni unguwa. Da lokacin fitowarsa ake gane halinsa. Na yi dariya, na ce ya mayar mini da maina.

Amma akwai wari a rigunansa, mai kaifi, mai hawa kai. A lokacin ma'aikata da yawa sun samu kuɗi sun koyi zaman otal. Yayansa, Alhaji Sani, ya shaƙi warin nan a masallacin ƙofar gida, daga ranar bai ƙara tura shi gaba ya ja salla ba. Malam ya ce masa warin aiki ne. Yaya ya ce duk mashayi haka yake cewa.

A gaban mutane na tsaya wa mijina. Amma ni ke wanke rigunan, kuma ban taɓa ganin giya ba balle in san warinta. Kunya ta hana ni tambaya, ciwon ciki ya ɗauke shi kafin in yi ƙarfin hali. An ce zato zunubi, to ni ban zarge shi ba, tsoro nake ji masa. Duk salla ina roƙon Allah ya yafe masa abin da mutane ke faɗa, idan gaskiya ne.

Da Ƙaramar Sallar bana Rabi ta zo hutu. Ta karanci haɗa magani, tana aiki a ɗakin gwaji. Na buɗe jakarta in fitar da kayan wanki, na ɗago farar rigar aikinta, sai wani wari ya bugi hancina. Warin ne, shi ɗin dai. Na kira ta na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa ko ubanta, ɗan cikina, ba.

Ta dube ni, ta ce, "To Kaka, ni ma 'yar giya ce ke nan? Sifirit ne da muke gauraya wa ruwan da ke tura magani cikin bututu. Ko kurɓa ɗaya mutum ya yi sai ya makance."

Bayan Salla ta kai ni wurin aikinta na gani da idona. Yanzu na'ura ce kamar akwati, ita ke turawa, ita ke zana sakamako a allo. Da Malam zai ga wannan, na san cewa zai yi yaran yanzu sun samu sauƙi, sannan ya ja kujera ya hana kowa taɓawa. Ni dai ban fahimci zanen ba. Hancina ne ya fahimta.

Yaya Sani ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta masa, abin da ya shaƙa ya faɗa. Amma 'ya'yansa suna nan Kusada, akwai mai karanta musu jarida, shi ya sa na ce a rubuta wannan a kai jarida. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, sai dai na Malam ya daɗe yana jira.

Bai bar gona babba ba, bai bar mota ba. Ya bar jika mai yin aikinsa, ya bar suna da ya fito daga bututu a makare, amma ya fito fes. Yanzu rahama kawai nake roƙa masa, irin wadda ake roƙa wa kowa.

Da Rabi za ta koma, ta nemi rigarta. Na ce ta sayi wata. Wannan tana rataye a ɗakina, kuma ban wanke ta ba.